Doguwar Mota da Gajeren Yaro

A Gusau akwai wani dattijon direba mai tuƙa wata doguwar mota, irin wadda ake ce wa jif. Sunanta Land Cruiser, ƙirar ƙasar Japan. Tun cikin 1954 ake yin motoci masu wannan suna. Aikinta shi ne kai ma'aikatan lafiya da maganin rigakafi ƙauyuka, yau Bunguɗu ta hanyar Sakkwato, gobe Tsafe ta hanyar Funtuwa.

Kun san abin da ya sa aka yi ta doguwa? Domin hanyar ƙauye akwai rairayi da kwazazzabai, da damina kuma ga rafuka. In cikin mota ya yi kusa da ƙasa sai dutse ya fasa shi. Amma tsawon nan yana da tasa wahala, gama inji ya yi sama, ba kowane hannu ke kai gare shi ba.

Direban nan yana da yaron mota, ɗan ƙanensa, gajere ƙwarai. Kowace safiya, tun inji na da sanyi, aikin yaron ne ya ɗaga murfin inji ya tokare shi da sandarsa. Sa'an nan ya zaro tsinken awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sāke zarowa, ya ga ko mai na tsakanin zane biyu. Kāna ya duba ruwan lagireto, da man birki, da batir. To, gaban motar ya kai masa kafaɗa. Dabararsa ita ce ya taka bamba ya maƙale kamar ƙadangare.

Ran nan raɓa ta jiƙa bamba. Ya taka, sai santsi ya kwashe shi, ya kurje ƙwauri. Ya ji kunya, ya rufe murfi.

Direba ya fito ya ce, "Ka duba ruwa, ɗana?"

Yaro ya ce, "Na duba, Baba."

Suka kama hanyar Tsafe. Sun wuce Dutsen Kwatarkwashi ke nan, sai allurar zafi ta tashi, tururi ya turnuƙe gaban mota. Direba ya ratse gefe ya kashe inji. Ga maganin rigakafi a baya cikin akwatin ƙanƙara, shi kuwa in ya sha zafi ya lalace. Ga kuma mata can da goyonsu suna jira.

Yaro ya zabura zai buɗe lagireto. Direba ya cafke hannunsa ya ce, "Kul! Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, a matse yake. Kana buɗewa zai feso maka a fuska." Suka zauna jiran inji ya huce, rana tana ta ɗagawa, ma'aikata suna ta duban agogo.

Can yaro ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ban duba ba."

Direba bai daka masa tsawa ba. Ya dube shi, ya dubi mota, ya ce, "Ashe hannunka ba ya kaiwa? Ni ma da laifina, ban taɓa tambaya ba."

Ya aike shi wani gida da ke bakin hanya. Matan gidan suka ba da aron turmi da tulun ruwa. Aka kife turmi gaban mota, yaro ya hau, sai ga inji duka a gabansa kamar faifai. Daga nan ya hango wani tiyo yana ɗiga. Direba ya ɗaure bakinsa tamau, ya sa tsumma ya buɗe murfin lagireto sannu a hankali, yaro ya ɗura ruwa. Suka mai da turmi da godiya. Da suka isa Tsafe akwai sauran ƙanƙara cikin akwati.

Kashegari direba ya sa kafinta ya yi masa wani ɗan benci mai faɗin ƙafa, wanda ba ya rawa. Kullum yana cikin mota kusa da jak. Da shi yaro ke goge gilashin gaba, da shi yake miƙa kaya bisa rufi.

A ƙarƙashin mota kuwa, inda ake sa giris, yaro ke shiga. Doguwar mota ba ta bukatar jak domin wannan aiki, sai ya shimfiɗa buhu ya sulale. Direba ya taɓa gwadawa sau ɗaya, tumbinsa ya hana.