BAKIN KOGIN KADUNA: LOKESHIN DA 'YAN FIM SUKA BAI WA BAYA

Mai karatu, in dai kai mai kallon finafinan Hausa ne na gaske, to ka san Ƙofar Gamji ko da ƙafarka ba ta taɓa taka Kaduna ba. Ka tuna irin waƙoƙin nan da za ka ga jarumi ya leƙo ta bayan wata ƙatuwar bishiya, jaruma ta ruga a guje kan ciyawa tana waiwaye, kafin ka ƙifta ido sun canza kaya sau uku? To da yawa daga cikin waɗanda aka ɗauka a Kaduna a nan aka yi su. Abin da kyamara ba ta cika nuna maka ba shi ne, taku kaɗan daga inda suke wannan tsalle-tsalle akwai kogi guda, wanda shi ne ya bai wa garin sunansa, kuma shi ne ya raba shi gida biyu.

Mu 'yan Arewa ba mu da teku. Mutumin Legas in ya gaji da hayaniya sai ya kwashi iyali su tafi shan iska bakin ruwa, duk da cewa shahararren Bar Beach ɗin nasu an cike shi da yashi an kafa sabuwar unguwar Eko Atlantic a kai. 'Yan fim ɗin Indiya kuwa, waɗanda muka ɗauko rawa da waƙa a wajensu, ba sai an faɗa ba, ko yaro ya san bakin tekun Bombai a kallo. To mu Kadawa namu tekun ke nan, Kogin Kaduna. Daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garin nan, ya gangara ta Shiroro da Zungeru, ya yi tafiyar kilomita wajen 550 kafin ya faɗa Kogin Kwara a ƙasar Nufe. An ce daga kadojin da ke cikinsa aka samo sunan, wato "kadduna". Gwarawa kuma, waɗanda Turawa suka tarar a wurin, suna da nasu bayanin daga harshensu. Wannan gardama ta malaman tarihi ce, mu dai mu je bakin ruwa.

In ka fito daga tsakiyar gari, ka nemi hanyar Kwalejin 'Yan Sanda, ka bi titin da ake kira Swimming Pool Road har ƙarshensa. Sunan wurin a takarda shi ne Dandalin Janar Hassan Usman Katsina, don tunawa da gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya rasu a 1995. Amma kada ka wahalar da mai Keke Napep da wannan dogon suna. Ka ce masa Gamji kawai. Gamji kuwa ka san laƙabin Sardauna ne, Sa Ahmadu Bello.

Abu na farko da zai tare ka shi ne inuwa. Manyan itatuwa ne tsofaffi, waɗanda ko azahar ɗin watan Maris ba ta iya ratsa su sosai. Shi ya sa daraktoci ke son wurin: haske a tace yake, ba ya ƙona fuskar jaruma, kwalliya ba ta narkewa. Sai kuma 'yar gadar nan ta ƙarfe da katako, gadar Lugga. A Zungeru Gwamna Lugga ya sa aka ƙera ta a 1904, lokacin can ne hedikwatar Arewa. Da aka dawo da hedikwata Kaduna a 1917, daga baya aka kwance gadar aka kawo ta nan, kuma a 1956 aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa. Wallahi in ka gan ta za ka yi dariya, don 'yar gajeruwa ce, taku kaɗan ka ƙetare. Amma ta haura shekara 120 a duniya, kuma Allah kaɗai ya san adadin angwaye da amaren da suka jingina da ita aka ɗauke su hoto ba tare da sun san ko ta wace ce ba.

Shekara da shekaru an san Gamji da kadojin da ake ajiyewa don yara su gani. Wurin dai ya ga sama ya ga ƙasa. Wata gwamnati ta gyara, wata ta manta da shi, ciyawa ta yi tsawo, fenti ya kokkoɗe, sannan a sake tunowa. Abin da bai taɓa yankewa ba shi ne mutane.

Ka zo ran Sallah ƙarama, ko washegari, da la'asar. Kai! Tun daga bakin titi za ka fara kutsawa. 'Yan mata cikin anko, samari an sha shadda an kafa hula, yara riƙe da balan-balan da bindigar roba suna ta ihu. Ga mai tsire yana fifita wuta, ga mai awara, ga mai rake, ga zoɓo da kunun aya cikin kula. Can gefe an kafa lasifika ana sakin waƙoƙin fim, wata ƙungiyar 'yan rawa ta buɗe fili. Iyali guda za su zo da tabarma da kular shinkafa daga Kawo ko Unguwar Sarki ko Badarawa, su zauna har magariba. A da masu hoto ne ke cin kasuwar ranar, yanzu kowa da wayarsa, kowane lungu ka leƙa wani na ɗaukar abin da zai ɗora a TikTok. Manyanmu a wannan sana'a suna ba mu labarin zamanin gala, lokacin da in aka ce 'yan wasa za su zo Kaduna da Sallah sai gari ya ɗauka, mutum ya biya kuɗin ƙofa don kawai ya ga wanda yake gani a kaset ido da ido.

To amma ga abin da ya sa na ce sai na yi rubutu kan wurin nan. Ka dawo ran Kirsimeti ko Ista, za ka tarar da irin wannan cikar. Waƙar ce kawai ta canza. Kuma in ka lura da kyau, cikin taron Sallah akwai waɗanda suka ƙetaro daga Barnawa da Narayi da Sabon Tasha, cikin taron Kirsimeti kuma ga 'yan Tudun Wada da Unguwar Shanu sun zo kallo da cin kasuwa. Mai tsiren dai shi ne, bai tambayi kowa addininsa ba kafin ya yanka masa.

Wanda ba ɗan Kaduna ba zai ce to mene ne abin labari a nan? Akwai shi. A watan Fabrairu na 2000 rikicin Shari'a ya ɓarke a garin nan, aka rasa rayuka sama da 1,000. Ba a gama share hawaye ba, a Nuwamba 2002 aka sake yin wani kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, mutum fiye da 200 suka tafi. Irinmu da muka tashi bayan abin, a bakin iyaye muka ji yadda aka yi ta musayar gidaje: Musulmin da ke kudu ya sayar ya dawo arewa, Kiristan da ke arewa ya kwashe ya koma kudu. Maƙwabtan shekara talatin suka rabu a mako guda. Har ta kai ana yi wa arewacin kogi laƙabi da Makka, kudanci kuma Urushalima, ana faɗa ana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Gaskiya rabuwar ba ta zama ɗari bisa ɗari ba, don har gobe akwai Kiristoci a Malali da Kabala da Unguwar Rimi, akwai Musulmi a Barnawa da Kakuri da Nasarawa. Sai dai akwai samari sa'o'ina da aka haifa a Rigasa waɗanda ba su da aboki ko ɗaya a Television, haka su ma na can. Irin waɗannan, in ba makaranta ko kasuwa ba, bakin kogin nan na cikin 'yan wuraren da suka rage da za su zauna kusa da juna ba don dole ba.

In kana son ganin kogin sosai, fita daga Gamji ka bi gaɓa. Nan ba tikiti, ba mai gadi, kuma a ganina nan ne ainihin taron yake. Da rani, daga Disamba zuwa Afrilu, ruwa yakan ja baya ya bar duwatsu da fararen tsibiran yashi. Da sassafe masu wanki ne ke da wurin. Za ka ji ƙarar bugun kaya kan dutse tun daga nesa, kafin hantsi sun shanya zannuwa da shaddodi kala-kala a kan duwatsu, abin sai ka ce an yi wa kogin ado. Ga masu ɗiban yashi, ƙarti majiya ƙarfi, suna nitsewa da bokiti suna cika kwale-kwale, a turo shi gaɓa a juye, tifa ta zo ta kwasa. Gidaje nawa aka gina a garin nan da yashin da waɗannan bayin Allah suka ɗebo da numfashinsu? Ga masunta na jefa birgi, a samu tarwaɗa ko ƙarfasa a sayar tun tana motsi. Ta wajen Malali da Rafin Guza kuma lambuna ne shar, latas da kabeji da alayyafo, injin ban-ruwa na ta tatata.

La'asar na yi sai yara da samari su karɓe fili. A kafa duwatsu biyu a matsayin raga, a tuɓe takalma, a fara ƙwallo kan yashi. Wannan Chelsea, wancan Arsenal, a yi ta musu kamar za a daku, a tashi a sha rake tare.

Na shiga kwale-kwalen fito a wani mashigi don in ga yadda arewa take daga tsakiyar ruwa. Dattijon da ke tuƙi, na ce masa, "Baba, sannu da aiki," ya amsa ba tare da ya ɗago ba, idonsa na kan ruwa. Cikin jirgin akwai wata mata da kwandon kayan miya, da wani malami da carbinsa, da 'yan mata biyu da ke hira da Turanci, da wani saurayi da ya rungume kekensa. Kowa ya matsa wa kowa, don in ɗaya ya karkata duka za a sha ruwa. Minti kaɗan aka yi aka sauka, kowa ya kama gabansa. Yanzu gadoji sun ƙaru. Bayan tsohuwar gadar da ke kusa da Filin Wasa na Ahmadu Bello da ta baifas, an yi wadda ta tashi ta Unguwar Rimi a kan titin da ke ɗauke da sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, an kuma yi wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa zamanin Malam Nasiru El-Rufa'i. Sun sauƙaƙa zirga-zirga ƙwarai. Amma a mota gilashi a rufe ake wucewa, ba mai gaisawa da kowa.

Kada in yi ta yabo kamar ɗan talla. Kogin nan yana shan wulaƙanci. Leda da robobi da duk ƙazantar magudanun gari nan suke ƙarewa, akwai wuraren da sai ka toshe hanci. Kuma yana da fushi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba su manta yadda ruwa ya shiga gidajen da ke kusa da gaɓa ba. Kogin da ka taka da ƙafa a watan Maris, in ka gan shi a Agusta ko Satumba ja wur yana tafe da itatuwa, ba za ka ce shi ne ba. Ramukan da aka ɗebe yashi kuma tarko ne, ka ga wuri iya gwiwa, taku ɗaya ka zurma. Don Allah ƙannena masu zuwa yawon Sallah, a tsaya a gaɓa. Hoto bai kai rai ba.

Yanzu bari in juyo kan mutanenmu. Kaduna ba baƙuwa ba ce a harkar fim. Furodusa Yakubu Lere, mai fim ɗin *Wasila* da ya yi tashe a farkon shekarun 2000, a nan yake, ita ma Wasila Isma'il 'yar garin ce, haka Rahama Sadau. A 2007, da Hukumar Tace Finafinai ta Kano ƙarƙashin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim ta dakatar da shirya fim na wata shida, Kaduna na cikin garuruwan da 'yan industiri suka yo wa ƙaura da kyamarorinsu. Ke nan an daɗe ana shutin a bakin kogin nan. To amma me ake ɗauka? Bishiya da fure da ciyawa. A kafa kyamara a bai wa ruwa baya, in mai wanki ya gifta a daka masa tsawa ya fita daga shot. Sai a koma falo a ci gaba da labarin kishiya da gadon Alhaji.

Abin haushin, labarin garin nan wasu suka zo daga Ingila suka ɗauka. A 2006 aka fitar da fim ɗin gaskiya mai suna *The Imam and the Pastor*, kan Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, mutum biyu 'yan Kaduna da suka taɓa jagorantar matasa a ɓangarori masu gaba da juna. Fasto ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, daga baya suka haɗu suka kafa cibiyar sasanci. An nuna fim ɗin a ƙasashe da dama. Mu da abin ya faru a ƙofar gidanmu, muna can muna canza kaya a bayan bishiya.

Na san abin da furodusa zai ce: magana ce mai zafi, hukuma za ta iya hanawa, 'yan kasuwa ba za su saya ba. Da can wannan hujja ce. Yanzu da finafinai masu dogon zango ke tafiya a YouTube, ba sai ɗan kasuwa ya yarda ba. Kuma ba wanda ya ce a nuna ƙone-ƙone. A ba mu labarin mai fito da ya shekara talatin yana ƙetarar da mutanen da suka daina gaisawa. A ba mu na tsofaffin maƙwabta biyu da 'ya'yansu suka haɗu a filin ƙwallon yashi ba su san iyayensu sun taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Ko na mai ɗiban yashi da ke son 'yar mai gidan da aka gina da yashinsa, in dai soyayyar ce dole. A saka waƙar ma, ba wanda ya hana.

Duk daraktan da ya yi niyya, shawarata ya zo tsakanin Disamba da Fabrairu, ya iso gaɓa kafin ƙarfe bakwai na safe, lokacin da hazo ke kwance kan ruwa masu wanki suna fara shanya. Ya taho da mai ɗaukar sauti na kirki, don iskar hunturu a bakin kogi ba ta raga wa makirfo. Kuma kafin a kafa kyamara, a nemi shugaban masu yashi da na masu fito a gaisa, a faɗa masu abin da ya kawo ku.