"Da Sauƙi": Tsakanin Ladabin Harshe da Littafin Likita

A cikin dukkan kalmomin da Bahaushe yake furtawa a bakin gadon majiyyaci, da wuya a sami waɗanda suka kai "da sauƙi" yawan fita daga baki. In an ce wa mai ciwon kai, "Yaya jiki?" sai ya ce da sauƙi. In an tambayi wanda ya kwana bakwai bai sa komai a bakinsa ba, shi ma amsarsa ke nan, in kuwa bakin ya gaza, masu jinya su amsa a madadinsa. Babu mai nufin ƙarya da wannan magana. Ladabi ne da tawakkali, da kuma gudun ɗora wa mai gaisuwa nauyin da bai zo ɗauka ba. To, amma akwai wurin da wannan amsa ba ta wadatarwa, watau gaban mai magani wanda yake son ya san ko maganinsa ya yi aiki ko bai yi ba. Wannan 'yar maƙala ta ƙunshi labarin wani ɗalibin Sashen Hausa ne, wanda ya koyi wannan darasi a kan wani benci a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

Shi wannan ɗalibi mutumin wani ƙauye ne, amma yana zaune a gidan kawunsa a cikin birni saboda karatu. Yana da ƙanwa wadda aka aurar tana da ƙuruciya. Da haihuwarta ta fari ta zo, sai ta kwana uku a durƙushe, ana jiƙa wannan ana shafa wancan, kafin a sami motar da ta kai ta asibiti. Aka ciro ɗan ba rai. Bayan 'yan kwanaki kuma sai fitsari ya kama zubo mata dare da rana, ba tare da ta ji zuwansa ba. Ba a yi wata guda ba aka kawo ta gidan kawun, da 'yar jakarta da tabarmarta, mijin kuwa ya aiko cewa ta zauna har ta ji sauƙi.

Ciwon yoyon fitsari ba ɓoyayyen abu ba ne ga likitoci. Sa'ad da naƙuda ta yi tsawo, kan jariri yakan danne mafitsara a jikin ƙashin ƙugu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki mataccen naman ya saɓule, ya bar ƙofa tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa. An daɗe da ƙididdige wannan a ƙasar Hausa. Wani likita mai suna Tahzib ya bi takardun mata 1,443 da aka duba a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya daga 1969 zuwa 1980, ya buga sakamakon a 1983. Ya tarar fiye da kashi 80 cikin 100 doguwar naƙuda ce ta jawo musu, kashi 13 kuma yankan gishiri ne. Har ila yau a Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta yadda haihuwa 22,774 ta ƙare, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin 1976 da 1979. Littafinsu na 1985 ya nuna cewa matan da ba su je awon ciki ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su, su ne mutuwa ta fi ɗauka nesa ba kusa ba.

Ɗalibin bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba a lokacin. Abin da ya sani shi ne, in aka fita gari aka kama hanyar Batsari, akwai asibitin da ake ɗinke mata masu wannan lalura. Babbar Ruga wurin jinyar kutare ne tun zamanin Turawa. A farkon shekarun 1980 wani likita ɗan ƙasar Holan, Dokta Kees Waaldijk, ya zo aikin kuturta, sai ya ga yawan matan da yoyon fitsari ya raba da gidajensu, ya duƙufa kan yi musu aiki. Daga baya Gwamnatin Tarayya ta mai da wurin cibiyar ƙasa ta wannan ciwo. Abin da ya fifita aikin wannan likita, bayan ƙwarewar hannu, shi ne rubutu. Kowace mace aka kawo sai an rubuta girman ƙofar, da inda take, da irin ɗinkin da aka yi, da abin da ya biyo baya. Kundin digirinsa na 1989 a kan mata 775 ya ginu.

Da aka yi shawarar kai yarinyar, kawun ya ɗan ja baya. Ya ce wa ɗalibin, "Kai yaro ne. Na ji an ce can kowa sai an buɗe masa littafi, an yi ta tambayarsa ana rubutawa. Ka manta abin da aka yi wa 'ya'yan mutane a Kano?" Tsoron dattijon yana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba balle a nemi yardarsu, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har 2009 da aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ɗalibin ya rasa amsar da zai ba kawunsa, sai ya ce, "Kawu, a bari in kai ta. In na ga abin da ban gane ba, zan dawo da ita." Dattijon ya yi shiru, can ya ce Allah Ya sa a dace.

Aka karɓe ta a ranar da suka je. Aka sa mata robar fitsari, aka ce ta riƙa shan ruwa da yawa, bayan ɗan lokaci kuma aka yi mata bayanin aikin da za a yi, ta yarda, aka yi. Sai daga baya ɗalibin ya gane cewa wannan saurin da aka yi mata ba haka yake ba a da. Tsohuwar ƙa'idar likitoci ita ce a sallami mace ta je ta jira wata uku, wurin ya huce, sa'an nan a taɓa ta. Wata uku kuwa ga mai yoyo ya isa a ƙaurace mata, aure ya mutu, ita ma ta fid da rai. Waaldijk ya ƙi wannan jira, kuma da lissafi ya kafa hujjarsa. A 2004 ya buga sakamakon mata 1,716 waɗanda aka fara yi wa magani tun ciwon yana ɗanye. Kimanin kashi 15 cikin 100 sun warke da robar fitsari kaɗai, ba a sa musu wuƙa ba. A ƙarshe ƙofar ta rufe ga mata 1,690. Ƙanwar ɗalibin ta ci gajiyar waɗannan mata da ba ta taɓa gani ba.

Aka sallame ta da kati, aka rubuta ranar da za ta koma. Gida ya cika da 'yan barka. Duk wadda ta ce, "Ya jikin?" sai ta sunkuyar da kai ta ce da sauƙi. Kawun ya yi murna, ya ce to tunda ta samu lafiya, komawar ta mene ce, a huta da kuɗin mota, a aika wa mijinta. Ɗalibin ma ya so ya yarda. A wannan zangon kuwa yana rubuta jinga a kan gaishe-gaishen Hausawa, har ya cika shafi guda yana yabon wannan amsa ta "da sauƙi" a matsayin alamar juriyar Bahaushe.

Abin da ya dakatar da shi ƙaramin abu ne. Ya lura kullum in ya fito alwalar asuba yakan tarar da zane a kan igiya yana ɗiga, alhali ba wanda ya ji ƙarar wanki. Ya lura ta rage shan ruwa, ga shi kuwa bazara ce. Ya lura in ana hira aka yi abin dariya, ita takan danne, ta tashi ta shige ɗaki. Bai iya tambayarta ba, domin tsakanin wa da ƙanwa akwai maganar da kunya ba ta bari a yi. Ran da katin ya nuna, sai ya ce mata kawai, "Shirya mu je." Ta ce, "Yaya, ai da sauƙi." Ya ce, "Na sani. Mu dai je su gani."

A asibitin, wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce ta karɓi katin. Ta gaishe ta, yarinyar ta ba da amsar da ta saba. Matar ta yi murmushi ta ce, "Madalla, ɗiyata, wannan ta gaisuwa ce, na karɓa. Yanzu sai ta littafi. In kin kwanta da dare, shimfiɗa takan jiƙe? In kin yi tari fa? In kin ɗauki bokiti, ko kin miƙe daga zaune?" Ɗalibin ya tashi ya koma bencin waje. Bayan wani lokaci aka kira shi, ya tarar idon ƙanwarsa ya yi ja. Aka gaya masa cewa an zuba ruwa mai shuɗin launi a mafitsara, bai ɓullo ta inda aka ɗinke ba, watau ƙofar ta rufe sarai. Amma naƙudar ta raunana tsokar da ke riƙe fitsari, saboda haka in ta motsa da ƙarfi yana zubowa. Ya ce, "Hajiya, ashe aikin bai yi ba ke nan?" Ta ce, "Ɗinki ya kama, bushewa ce ba ta samu ba. Gida biyu ne a littafinmu, kowanne da abin da ake rubutawa. Da ta ce mini da sauƙi na rubuta ta warke, da na cuce ta, na kuma cuci wadda za ta zo bayanta."

Wannan magana ita ce zuciyar binciken likitanci a kan makomar majiyyata. A rahoton nan na 2004, daga cikin mata 1,690 da ƙofarsu ta rufe, an rubuta cewa 115 fitsari bai tsaya musu ba. Da an ga dama da an ɓoye su a cikin masu nasara, adadin ya yi kyan gani. Amma da yake an ware su, sai likitoci suka san akwai sauran aiki, suka shiga neman dabarun gyara bututun fitsari da tsokarsa. Haka nan kuma, tsawon shekaru ana barin roba a jikin mace kwana 14 bayan ɗinki, bisa al'ada kawai. Sai da aka gwada a kan mata fiye da 500 a ƙasashen Afirka takwas, har da Nijeriya da Nijar, da yardarsu, aka raba su gida biyu, waɗansu kwana 7 waɗansu kwana 14, aka bi su har wata uku. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna kwana 7 bai gaza ba ga ƙofar da ba ta da wuyar ɗinki, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar kwana 7 zuwa 10 a 2018. Ma'anar wannan ita ce gado ɗaya zai ɗauki mata da yawa, mace kuma ta koma gida da wuri. Duk wannan ya dogara ne ga mata su dawo ran da aka ce, su kuma faɗi abin da ke akwai. Wadda ba ta dawo ba, littafi ba shi da ikon ya ce ta warke, ba shi da ikon ya ce ba ta warke ba.

Da suka koma gida, ɗalibin ya zauna da kawunsa bayan sallar isha'i ya kwashe duka ya gaya masa. Ya ce abin da aka yi kuka da shi a Kano shi ne an yi wa mutane abu ba da saninsu ba, nan kuwa ita ake tambaya, kuma abin da ta faɗa shi ake rubutawa. Dattijon ya daɗe bai ce komai ba. Daga bisani ya ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A dakata da aika wa mijin." Aka koya mata yadda za ta riƙa matse tsokar don ta yi ƙarfi, aka sa ta koma shan ruwa, bayan 'yan watanni kuma aka sake yi mata ƙaramin aiki. Ta samu ci gaba ƙwarai, tana kwana a bushe, tana zuwa biki, ko da yake in tari ya yi tsanani takan ga ɗan alama. An gargaɗe ta cewa in Allah Ya ba ta wani ciki, awo tun da wuri, haihuwa kuma a asibiti. Katin yana cikin jakarta, a naɗe cikin leda.

Shi kuwa ɗalibin bai yage shafin nan na jingarsa ba, domin abin da ya rubuta gaskiya ne, sai dai ya ƙara sakin layi guda a ƙarƙashinsa. Ya ce "da sauƙi" amsa ce ta zaure, an yi ta ne domin mai gaisuwa, kuma ba laifi a ci gaba da ba shi ita. Amma Hausa ba ta rasa kalmomin ɗakin likita ba: akwai dama-dama, akwai ya lafa, akwai ya ragu, akwai ya dawo, akwai yana nan yadda yake, akwai ya warke sumul. Ya ba da shawarar cewa ɗaliban harshe su taimaka wa ma'aikatan lafiya wajen tsara tambayoyin da za su ratsa kunya ba tare da sun keta ta ba, kamar yadda dattijuwar nan ta yi, domin tambayar da aka fassaro daga Turanci kai tsaye, amsar zaure za ta samu.

Har yanzu in maƙwabta sun tare shi a ƙofar gida sun tambayi jikin ƙanwarsa, da sauƙi yake ce musu. Amma in wani nasa ya kwanta, bayan ya gaishe shi ya karɓi amsar, yakan gyara zama ya sake tambaya a hankali: ina ne ke ciwon, tun yaushe, kuma yaushe likita ya ce a koma. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, amin.