Akwatin Sirri a Rumfar Cajin Waya ta Kafur

Da kaka, Kafur ba ta ɓoye sana'arta. Tun daga hanyar Malumfashi baƙo zai fara cin karo da masara shanye a bakin titi, da buhunan waken soya jibge a ƙofar gidaje, da 'yan acaɓa ɗauke da dammunan dawa. Ƙasar manoma ce, mai garuruwa irin su Mahuta da Gozaki da Masari, mahaifar tsohon gwamnan Katsina Aminu Bello Masari. Sai an yi la'asar ake samun sararin hira.

Lokacin ne rumfar cajin waya ke cika. Wadda na zauna a cikinta ta kwano ce, janareta na ruri a bayanta, wayoyi jere a kan katako, kowace da lambarta a manne. A kusurwa ga talabijin da PlayStation, samari na biya suna buga ƙwallo, ana ta ihu. A bencin waje kuwa wasu ne suka haɗa kai a kan waya ɗaya, tsit.

"Malam, matso ka gani," in ji mai riƙe da wayar, ya gyara mini wuri.

Wasan sunansa The Room. Kamfanin Fireproof Games na Ingila ne ya fitar da shi a 2012, a 2013 kuma ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon wasannin Birtaniya. Ba gudu, ba harbi, ba ka ma ganin jikinka, abin da ke gabanka kawai kake gani. Ɗaki ne mai duhu, a tsakiyarsa wani ƙaton akwatin ƙarfe, da wasiƙa daga wani mai sa hannu da A.S. Da yatsa kake murɗa makulli, ka zame murfin tagulla, ka jawo 'yar durowa. Ka sha wahala ka buɗe, sai ka tarar da wani akwatin a ciki. Akwai kuma gilashin ido, da ka sa shi zanen da ke ɓoye a jikin katako zai bayyana.

Don in ga farkonsa suka sake shi daga tushe. Tun a farko akwai kacici-kacici: mene ne ke rayuwa in an ciyar da shi, ya mutu in an shayar da shi? Babbansu ya karanta Turancin ya fassara. Kafin in gama tunani wani yaro mai tallan gyaɗa ya leƙo ta kafaɗarmu.

"Yaya, ai wuta ce!"

Aka danna alamar wuta a ƙafar akwatin, ya yi ƙwas, makulli ya fito.

Waɗanda suka ƙirƙiro wasan sun tsara shi ne don mutum ɗaya, shi kaɗai da abin sauraro a kunne. Kafur ta mai da shi na majalisa: wannan ya karanta, wancan ya murɗa, saura su yi ta gardama. Ba baƙon abu ba ne a garin da dattawa ke zagaye ramukan dara 30 a gindin bishiya, 'yan kallo sun fi masu wasan zaƙewa.

Yana da nasa aibin. Turancin wasiƙun na da ne, mai nauyi. Duhun hotonsa ya sa da rana sai an kare wayar da hula. Gajere ne, kuma sayensa ake yi da katin banki. Amma da an sauke shi ba ya cin data, ba ruwansa da sabis, kuma a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya cancanci kuɗinsa, musamman ga mai haƙuri. Da a ce kacici-kacicin da Hausa aka rubuta su, da mai tallan gyaɗar nan ba zai jira tafinta ba.