Ashe Afolo Sunan Gunkin Girkawa Ne!

Afolo dai da muka sani! Ciwon nan da ke mai da ido jawur kamar garwashi, a wayi gari kwantsa ta manne shi sai an sa ruwan ɗumi, a shiga kasuwar Gwandu a yi ta cin karo da masu baƙin tabarau. Ashe sunansa daga Girka ya taso, ya biya ta duniyar wata, sannan ya sauko mana!

A Kalgo na ji, daga bakin wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, muna jiran mota ta cika, idona na ta zubar da ruwa. Ya ce, "Baba, ka san mai sunan ga? Ai gunkin Girkawa ne." Ina isa gida na bi diddigi, wallahi gaskiya yaron ya faɗa.

A 1969 ciwon ya ɓarke a Ghana, a shekarar da kumbon Amurka, Apollo 11, ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a kan wata, ranar 20 ga Yuli. Jama'a suka ce ai daga can aka kwaso shi, suka laƙaba masa sunan kumbon. Ciwon ya bi gaɓar teku ya shigo Najeriya, sunan na biye da shi. Daga baya likitoci suka gano ƙwayar cuta ce, enterovirus 70, wadda ke yaɗuwa ta hannu da tawul, ba ta haɗa ido da mai ciwon ba. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana ɗiga wa yaro ruwan sukari a ido, alhali wanke hannu da sabulu ne zai tsare sauran 'yan gidan.

To, shi kumbon fa? Hukumar NASA ta ara masa sunan Apollo, abin bautar Girkawan dauri, ɗan Zeus da Leto a tatsuniyarsu, mai ɗakin tsafi a Delfi. Nan tsigar jikina ta tashi: shi ne suka ɗauka mai harbo annoba da kibiya! Da haka waƙar Iliad ta Homer ta fara, yana zuba wa rundunar Girkawa cuta har kwana 9 a bakin birnin Troy. Su kansu sukan danganta sunan da kalmarsu ta hallakarwa.

Kuma wurinsa dai suke neman waraka! Ɗansa Asklepios ne mai sandar nan da maciji ya naɗe, wadda take jikin tambarin Hukumar Lafiya ta Duniya har yau.