Dagin da Ya Zube a Gadon Inji

Shekaru na yi ina gaya wa mutane cewa kwamfuta ce ta zana gidan adana kayan fasaha na Guggenheim da ke Bilbao, a ƙasar Sifen. An buɗe shi a 1997, jikinsa lulluɓe da fallayen ƙarfen titaniyam kusan 33,000, bangonsa na lanƙwasa ta ko'ina. Ofishin mai zanen ginin, Frank Gehry, ya yi aikin da CATIA, manhajar da kamfanin Dassault na Faransa ya ƙirƙira don ƙera jiragen sama. Wannan duk gaskiya ne. Abin da na ɗora a kai shi ne kuskuren: na ɗauka duk abin da ya zauna daidai a fuskar kwamfuta zai zauna daidai a ƙarfe.

Da wannan tunanin na karɓi aikin zana wa wani mai gida ƙofar ƙarfe, irin wadda ake huda wa ado da injin yanka mai bin umarnin kwamfuta. Dagi yake so a tsakiya, kamar wanda magina ke yi a fuskar zaure a Kano da Zariya. Na zana shi tsaf. Dattijon mai walda da zai haɗa ƙofar ya duba takardar, ya ɗora yatsa a tsakiyar zanen, ya ce, "Ɗana, nan wurin me zai riƙe shi?" Na ce, "Baba, kwamfuta ta riga ta auna komai." Ya yi shiru.

Injin bai yi kuskure ba, layina ya bi sak. Amma dagi layi ne mai zagayowa ya haɗe da kansa, kuma duk inda wutar yanka ta zagaye ƙarfe ta koma inda ta faro, abin da ke ciki ya rabu da fallen ke nan. Ina tsaye gutsattsarin tsakiya suka riƙa faɗawa gadon injin ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana babu dagi sai ƙaton rami. Masu sana'ar suna barin 'yan gadoji, siraran wuraren da ba a yankewa, su riƙe ciki da waje. Ban bar ko ɗaya ba. Na kuma manta cewa layin kwamfuta ba shi da kauri, alhali wutar yanka tana cinye ƙarfe milimita ɗaya ko fiye duk inda ta bi, shi ya sa siraran wuraren da suka tsira suka ƙara sirancewa, zafi ya murɗe su.

Kuɗin fallen daga aljihuna ya fita, mai gida kuma ya jira fiye da alkawari. Waɗannan ba su dame ni ba kamar amsar da na ba dattijon. Tambayar mai ilimi ya yi mini, na tare shi da sunan na'ura don kada in ce ban sani ba.

Da na koma na karanta yadda Gehry ya yi aikin Bilbao, sai na tarar da hannu ya fara. Da kwali da takarda da katako ake haɗa ƙaramin samfuri, a rushe, a sake. Sai siffa ta kwanta masa a rai ma'aikatansa ke bin jikin samfurin da na'urar awo, ɗigo bayan ɗigo, su shigar da shi kwamfuta, ita kuma ta fitar da ma'aunin kowane ƙarfe da kowane dutse don masana'anta. Har yau ina ganin CATIA abin yabo ce, don ba don ita ba da wuya a iya gina wannan siffa a kan kuɗin da aka ware. Ni ne na tsallake rabin labarin.

Na je na ba dattijon haƙuri. Ya ce in kawo kwali da reza mu fara yankawa a nan. A kan kwalin ya nuna mini inda gadojin za su zauna: daidai mahaɗar da layi ke shiga ƙarƙashin layi. Idan aka katse yankan layi ɗaya a wurin, aka bar ɗayan ya wuce, ƙarfen ya samu abin riƙewa, ido kuma ya ga saƙar dagin, wanne ya hau, wanne ya shige. Muka faɗaɗa kowace gada yadda zafi ba zai cinye ta ba, sannan na mayar da zanen cikin kwamfuta aka yanka sabon falle.