Wa Ake Tafa Wa, Hayatu Ko Halima?

Tun 1968 aka buga wasan Uwar Gulma na Alhaji Muhammadu Sada a Zariya, amma irin su Hayatu, mijin Halima, har yau ba su ƙare ba a unguwarmu ta Zongo, nan Yamai. Shi ne mijin da ke raba dare a mashaya, ya bar gida ba cefane, in matar ta yi magana ya rufe ta da duka.

Shekarar da na shirya wa 'yan ajina wasan don bikin rufe lakwal, kowane yaro a Hayatu yake son fitowa, don mai tsawa da zare ido ke samun tafi. A wajen gwaji, da Hayatu ya ɗaga wa Halima hannu, aji ya fashe da dariya. Dariyar ta dame ni, don wasunsu a tsakar gidansu suka fara ganin hannun nan.

Sai na sa yaron da ya fi kowa baki ya riƙe matsayin Halima na yini guda. Ya durƙusa ana zazzaga masa masifa, ba damar ramawa. Da aka tashi ya ce mini, "Malam, ashe shirun nan da ciwo."

Mun taso muna kallon su Yazi Dogo a Télé Sahel, mun san raha na gyara hali. Amma malamin da zai hau da mugun miji dandali ya lura da wanda ake tafa wa. In Hayatu ne gwarzon ranar, darasin duka yara suka kai gida.