Tsiron Hanci: Aska Ko Likita?

Yau labarin hancina zan ba ku, don na san akwai masu fama da irin abin da ya same ni, suna ta shan maganin mura a banza.

Ni malama ce a wata firamare a nan Maigatari, na yi karatuna a Kwalejin Ilimi ta Gumel. A hunturun 2023 hancina ya toshe. Na ce ai ƙurar kasuwar shanu ce ta ranar Alhamis, za ta wuce. Hunturu ya tafi, damina ta sauka, hanci bai buɗe ba. Da baki nake numfashi, in ina karatu a aji yara su yi ta ƙunshe dariya. Sa'an nan na daina jin wari da ƙanshi. Wata rana tukunyar wake ta ƙone ƙurmus ina zaune kusa da ita, sai maƙwabciya ce ta jiyo ƙauri ta rugo. Na ce a raina, yau wake ne, gobe fa in ɗakin da yarona ke barci ne?

Goggona ta leƙa hancin ta ce, "Ke 'yar nan, tsoka ce ta fito miki. A kira wanzami ya ɗauke ta yanzu-yanzu." Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri in ga likita tukuna."

Daga asibitin Gumel aka tura ni Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya zura wani siririn bututu mai fitila, ya ce tsiro ne a ƙofofin biyu, mai laushi, ba ciwon daji ba. Yana fitowa ne idan fatar cikin hanci ta daɗe tana kumburi. Saiwarsa kuwa tana can ciki, dab da ido da gindin ƙwaƙwalwa, inda aska ba ta gani. Da na ji haka na gode Allah da ban bi ta Goggo ba.

Ya tambaye ni ko ina da asma, na ce i. Ya sake tambaya ko tun ina ƙarama nake tari mai kaurin majina, ko ba na ƙiba, ko gumina ya cika gishiri. Ya ce akwai wata cuta, sistik faibrosis, ta gado ce kamar sikila: in uwa da uba duk suna ɗauke da ita, kowane ciki yana da 1 cikin 4 na zuwa da ita. Ta fi yawa cikin Turawa, amma ana samunta cikin baƙar fata, da awon gumi ake gane ta. Masu ita tsiron nan yakan kama su tun suna yara. Ni dai ba ni da alamunta.

Aka ba ni maganin feshi, aka koya mini wanke hanci da dafaffen ruwa mai gishiri. Na yi wata 3, sauƙin kaɗan ne. Sai likita ya kawo zancen tiyata. Bai ɓoye mini kome ba. Ya ce za a sa ni barci, a bi ta ƙofar hanci, ba a tsaga fuska. Amma akwai zubar jini, kuma tsiron yakan dawo, musamman ga mai asma, don haka feshi ba zai ƙare ba.

Nan fa na shiga tunani. Ga kuɗi, ga hanya, ga yaro ƙarami, ga tsoron barcin nan da Goggo ke cewa ba kowa ke tashi ba. In abin zai dawo, mene ne amfanin wahala? Maigidana ya ce, "Gonar da aka nome ma ciyawa takan dawo, amma ba a fasa noma." Na auna, na ga tsiron ba zai kashe ni ba, amma ya hana ni barci, ya ɓata mini aiki, ya bar ni ba na jin hayaƙi a gidana. Na yarda. A babban hutun 2024 aka yi aikin. Bayan 'yan makonni na shiga madafi, warin daddawa ya buge ni, na tsaya ina dariya ni kaɗai. Har yau ina feshi safe da yamma.

To, 'yan'uwa, ban ce kowace mai tsiro sai tiyata ba, wata feshi ya ishe ta. Abin da nake roƙo shi ne, kada a kai aska cikin hanci. In toshewa ta kai wata 3, a je asibiti. In gefe ɗaya ne kuma da jini, a hanzarta. In ƙaramin yaro ne, a nemi a bincika dalili. Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku wannan. In kun je gaban likita ku tambaya, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Wata Malama, Maigatari.